Kunkurunmu ya ƙi ciyawa, sai latas da kankana

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da maigidana ya zo wa yara da kunkuru daga Arewa, yanzu ya kai faɗin faranti. Latas, tumatir da kankana muke ba shi. An ce mana ciyawa ce abincinsa, na sayo ingirici wurin masu raguna, ya shinshina ya juya baya. Ga shi kashinsa ruwa-ruwa ne. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara duba shi da kyau. Idan ƙoƙon bayansa launin yashi ne, ƙafafunsa na gaba suna da kaushi, a cinyoyinsa na baya kuma akwai tsinaye biyu ko uku kamar ƙananan ƙahoni, to kunkurun Sahel ne, wanda ake kira sulkata. Asalinsa daga Senegal ne har zuwa Habasha, shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, babbansa yakan haura kilo 40. Cikinsa irin na jaki ne: akwai ƙwayoyin halitta a hanjinsa da ke narkar da ciyawa a hankali. Zaƙin kankana da ruwan latas su ke birkita su, shi ya sa kike ganin zawo. Kamata ya yi kashi takwas cikin goma na abincinsa ya zama ciyawa.

Ƙin da ya yi ba abin mamaki ba ne, domin kunkuru da hanci da sabo yake cin abinci. Abin da bai san ƙamshinsa ba, ba abinci ba ne a wurinsa. Saboda haka ki sa almakashi ki daddatsa ingiricin gutsi-gutsi, kada ya wuce tsawon gaɓar yatsa. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 15, ki tsane. Zai yi laushi, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya dawo masa. Ki yayyanka latas ɗin ƙanana sosai, ki goga kokwamba ko kabewa a kai har ruwan ya shiga ko'ina, sannan ki cakuɗa. In kika bar latas ɗin manya-manya zai tsince abinsa ya bar miki ciyawar, amma in komai ya manne da juna, duk loma sai ta haɗa da ita.

Makon farko, kashi ɗaya na ciyawa cikin goma ya isa. Mako na biyu ki mai da shi biyu, haka kina ƙarawa kina rage latas. In ya yi kwana uku bai taɓa ba, ki koma ma'aunin makon da ya wuce. Wani wata biyu ya saba, wani sai ya kai shida. Kankana da tumatir kam ki daina tun yau. Ki riƙa ba shi abincin da hantsi bayan ya sha rana, don sai jikinsa ya ɗauki zafi yake jin yunwa, kuma ki zuba a kan tayil ko faffaɗan dutse don kada ya haɗiyi yashi.

Ɗanyar ciyawa ta fi saurin karɓuwa, musamman ƙiri-ƙiri da harkiya. Ki shuka a tsohon baho ki riƙa yanka masa. Kada ki ɗebo ta bakin titi ko gefen kwata, saboda maganin feshi da baƙin mai. Ki ƙara masa da furen zoɓorodo, ganyen yakuwa, rama da lalo. Alayyahu da kabeji sai jefi-jefi. Ganyen rogo, ganyen tumatir, tumfafiya, zurma da fiya kada su kusance shi, guba ne.

Abu ɗaya da ya shafi Legas: damshin damina yana saurin sa ingirici funfuna. Ki ajiye shi a buhun da iska ke ratsawa, a ɗage daga ƙasa, ki shinshina kafin ki yi amfani da shi. Wanda kika jiƙa bai cinye ba, ki kwashe kafin magariba. Ki auna nauyinsa duk mako a rana guda ki rubuta. In yana ramewa mako bayan mako, ko hancinsa na yoyo, ko idanunsa sun kumbura, to maganar ta wuce ta abinci, ki kai shi wurin likitan dabbobi.

Tambaya: Ina sayar da dabbobi, harawa ba ta yanke mini. Zan iya ba kunkuruna ita a madadin ingirici? Daga wani mai karatu a Alaba Rago.

Amsa: Malam, kada ta zama ita ce abincinsa. Harawar wake da ta gyaɗa suna da sinadarin gina jiki fiye da abin da jikin sulkata ke buƙata. Abin da ke ƙiba rago shi ke sa kunkuru saurin girman da ƙoƙonsa ke fitowa tudu-tudu, ya kuma tara masa tsakuwa a mafitsara. Ka duba farin abin da ke fita tare da fitsarinsa. In yana da laushi kamar man goge baki, lafiya lau. In ya yi tsaki-tsaki kamar garin alli, ruwa ya yi masa kaɗan ko abincin ya yi masa nauyi. Sai ka riƙa zaunar da shi a ruwan ɗumi da bai wuce haɓarsa ba, minti 20, sau biyu ko uku a mako. Ɗan barbaɗen harawa sau ɗaya a mako don ƙamshi ba laifi. Dusa da ƙowa kuwa a bar wa raguna. Don ƙwarin ƙashi, ka tafasa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka lukui, ka barbaɗa ɗan kaɗan a abincinsa sau biyu a mako, kuma ya riƙa samun rana kai tsaye tare da inuwar da zai fake.

Tambaya: Na sayi ɗan kunkuru baƙi-baƙi a kasuwa a nan Legas, na yi wata guda ina fama da shi ya ci ciyawa, ya ƙi. Daga wani ɗalibi a Idi-Araba.

Amsa: Ɗan'uwa, ka taɓa ƙafarsa ta baya ka gani. In bayan ƙoƙon ya lanƙwaso ya rufe ƙafafun kamar murfi, to kunkurun kurmi ne na nan Kudu, kuma ba mai cin ingirici ba ne ko kaɗan. Abincinsa laimar kwaɗi, wato naman kaza da ke tsirowa a ƙasa, irin wadda mutane ke ci, dodon koɗi, tana, ganye mai laushi da ɗan gwanda ko ayaba. Yana son inuwa da damshi, yakan fito cin abinci da sassafe ko da yamma. Ka zuba masa busassun ganyaye ya ɓuya a ciki, ka ajiye masa faffaɗan kwanon ruwa marar zurfi. Tunda ya yi wata guda bai ci na kirki ba, ka jiƙa shi a ruwan ɗumi yau ɗin nan, ka ajiye masa tana biyu ko uku da yankan gwanda da yamma, ka ba shi wuri.