Amsa ga mai tambaya kan kuɗin rashin aiki bayan jinyar shaye-shaye

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah ya ƙara wa ƙanen naki lafiya, ya sa ya rabu da abin ke nan. Kin ce ya yi wata uku a gidan jinyar masu shan ƙwaya a nan New York, an sallamo shi, aikinsa ya tafi, kuma ana ce miki wanda ya taɓa kwanciya a irin wannan wuri ba ya samun kuɗin rashin aiki. Ba haka ba ne. Na bi wa ɗan yayata wannan sawu, na kuma taya wasu ƴan masallacinmu na Bronx cika takardun. Jinyar ba ta hana kowa. Abin da Ma'aikatar Ƙwadago ta jiha za ta bincika shi ne yadda ya rabu da aikin, da kuma ko a yau zai iya aiki.

Na biyun ya fi sauƙi. Kuɗin nan na mai lafiya ne da ke neman aiki bai samu ba. Makonnin da yake kwance ba za a biya shi ba, kada ma ya nema. Ya koma wurin likitansa ya karɓo takarda mai kwanan wata da ke cewa daga rana kaza zai iya komawa aiki. Idan har yanzu yana zuwa ganin likita ko zaman nasiha sau biyu ko uku a mako, ba laifi, muddin hakan ba zai hana shi karɓar aiki ba. In kuwa likita ya ce da saura, to ba wannan ƙofar ba ce tasa. Akwai kuɗin jinya na jiha, ana cika fom DB-450, rabin albashi ne amma ba ya wuce dala 170 a mako, har mako 26. Ba a haɗa su biyun a lokaci guda, kuma shi wannan ana so a nema cikin kwana 30 da fara ciwon, don haka ya tambaya ko za su karɓi uzurin jinkiri.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ya bar aikin. Mutanenmu kunya ke cutar da su a nan. Yaro zai ɓace daga wurin aiki ba sallama don kada a san inda za shi, ko ya rubuta takardar ajiye aiki ya ce wai tafiya gida ta taso. A idon hukuma wannan ya bar aiki ne don ganin dama, kuma a New York sai ya sake yin wani aikin ya sami ninki 10 na abin da za a riƙa ba shi a mako kafin a buɗe masa. Amma idan likita ne ya ce ya kwanta, ya sanar da maigidan aikin, ya nemi hutu aka hana ko aka maye gurbinsa, yana da hujja mai ƙarfi. Ki sa ya tono duk saƙon waya ko imel da suka yi a lokacin. Dokar FMLA ta 1993 ta ba ma'aikaci hutun jinya na mako 12 ba albashi, har da jinyar shaye-shaye, idan kamfanin na da ma'aikata 50 ko fiye, shi kuma ya shekara yana aiki da su ya cika awa 1,250. Dokar ta kare zuwa jinya ne, ba ta kare fashin aiki saboda an kwana a buge ba. Ko da korarsa aka yi, ya nema duk da haka. Hukuma ce ke yanke ko laifi ne, ba kamfani ba.

Kuma kada ya zauna jiran sai ya gama warwarewa a ransa. Ana lissafi ne da albashin da ya samu a zangon wata uku-uku na baya-bayan nan, kuma dole a ga albashi a aƙalla zango biyu. Duk zangon wata uku da ya wuce, wani tsohon albashi na fita daga lissafin. Na ga wanda ya yi ta jan ƙafa har haƙƙinsa ya zube.

Makon farko ba a biya. Daga nan kowane mako zai tabbatar musu yana nan a shirye, ya kuma rubuta abubuwa uku da ya yi na neman aiki. Ya faɗi gaskiya. In aka kama ƙarya, za su karɓe kuɗinsu har da tara. In aka ƙi shi, yana da kwana 30 ya nemi zama gaban alƙalin ma'aikatar, zai iya neman tafinta kyauta, kuma ya ci gaba da tabbatarwar mako-mako yana jira, don sai makonnin da ya tabbatar za a biya shi in ya yi nasara.

Masu cewa abin kunya ne ko bara, su sani masu ɗaukar aiki ne ke zuba kuɗin asusun saboda gumin ma'aikatansu. Sai dai ana bukatar izinin aiki ingantacce. Ki gaya mana, W-2 (takardar albashi da haraji ta ƙarshen shekara) ake ba shi ko a hannu ake biyansa? Sannan shi ya ajiye ko su suka sallame shi? Daga nan zan san abin da zan ƙara miki.