"Allah ya isa" ba tsinuwa ba ce

Tambaya: Aminiyata ta tona mini asiri, na ce mata "Allah ya isa". An ce wai na tsine mata. Haka ne?

A'a, 'yar'uwa, tsinuwa daban. Dubi kalmar "isa" kanta: abin da ya wadatar, ba a neman ƙari. Kin ce mata ne Allah ya ishe ki alƙali tsakaninku, kuma ma'anar ke nan da ke cikin "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", aya ta 173 a Suratu Ali Imrana. Shi ya sa raina ke ɓaci da yadda aka mai da ita abin wasa. A taka wa mutum ƙafa, Allah ya isa. Waya ta yanke ana cikin magana, Allah ya isa! Na taɓa zama kusa da wani dattijo ranar da ya gano abokinsa na ƙuruciya ya ci amanarsa. Ya buɗe baki zai faɗe ta, sai ya haɗiye, ya sunkuyar da kai yana murza carbi har hawaye suka jiƙa masa gemu. Ya san nauyinta, yana kuma jiye wa abokin tsoro. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai cewa Allah ya isa da safe, da yamma kuma yana bin mutane ɗaya-ɗaya yana kai ƙarar. Ka miƙa shari'a ga Sarkin da ba ya zalunci, me kuma ya kai ka buɗe wata kotun? In kin bar ta da Allah, ki bar ta ɗin.

Tambaya: Hakki da alhaki ɗaya ne?

Tushensu ɗaya a Larabci, sai dai alhaki ya taho da "al" manne a goshi, kamar alƙali da alƙalami. Hakki naka ne. Alhaki kuwa shi ne nauyin da ke hawa wuyan wanda ya danne maka shi. Shi ya sa aka kira shi kwikwiyo: ko an kore shi, mai shi yake bi.

Tambaya: Daga ina "tawakkali" ta fito?

Gidansu ɗaya da "wakili".

Tambaya: "Zo mu zauna, zo mu saɓa" hana abota take yi?

Ina! Shiri take sa ka yi, tun da harshe da haƙori ma suna saɓawa. Kuma "saɓa" ce, da ɓ mai lanƙwasa. Masu rubuta "saba" suna juya maganar gaba ɗaya, don sabo daban, saɓani daban.