Amsa kan taswirar ambaliya a Sakkwato

Malam, ka tambayi ta inda za ka fara zana taswirar garuruwan da ambaliya ke barazana gare su. Ni dai shawarata, fara da gulbin Rima, daga dam ɗin Goronyo zuwa Wurno da Kware. A 2010 ruwan nan ya karya gadar zuwa jami'ar Ɗanfodiyo.

Sauke manhajar zana taswira ta QGIS, kyauta ce. Ɗora bayanan tudu da kwari na SRTM, wato awon ƙasa da aka yi daga sararin samaniya, ka haɗa da hasashen ambaliya da NIHSA, hukumar sa ido kan ruwa ta Nijeriya, ke fitarwa duk shekara. Amma don Allah kada ka tsaya kan kwamfuta. Je ka zauna da hakimai da manoman fadama, su nuna maka inda ruwa ya taɓa kaiwa, da gidajen ƙasa, da ƙauyukan da hanyarsu ke yankewa da damina.