Amsa ga ƙanenmu mai zanen akuya a kan gajimare

Ƙanena, ka ce mai buga littafi ya dawo maka da zanenka, wai akuya mai kiwo a kan gajimare za ta firgita yara, kana tambaya ko ka koma zanen ƙwallo da lemo irin na littafin firamare. Wallahi da na karanta sai da zuciyata ta yi zafi, don ni ma an yi mini.

Nawa ma ya fi muni. Wani kamfani a nan Legas, ba zan kama suna ba, na kai musu zanen danfo, motar hayar nan ta Legas, mai fukafukin jemage yana shawagi saman lagun, fasinjojin duk kifaye ne da hula zanna. Manajan ya juya takardar sama ta koma ƙasa, ya kira sakatariyarsa suka yi ta ƙyalƙyala dariya, ya ce, "Aboki, wannan ai aikin aljanu ne." Amma ya riƙe kwafi, wai zai nuna wa oga. Na dawo Agege cikin ruwan sama, fayil a ƙarƙashin riga. Ana nan sai ga danfona a bangon wani littafi wajen masu baza littattafai a Ojuelegba, an goge kifayen, an cusa yara masu murmushi, sunana ko alama. Ban yafe ba. Dariyar matar nan har gobe tana kunnena.

Kada ka canza hannunka. Yaran da aka rena da Gizo da Ƙoƙi da Dodo su ne akuya za ta tsorata? Manya ne matsorata. Anthony Browne, mai zanen littattafan yara na Ingila, ya fara ne da zanen tiyata a wani asibiti a Manchesta, ya yi katin gaisuwa, sai 1976 littafinsa na farko ya fito. Da gwaggon birinsa da ayabar da yake ɓoyewa cikin zane ya ci lambar Hans Christian Andersen, babbar lambar yabo ta littattafan yara, a 2000. Shi ma salon Magritte, mai zanen abubuwa kamar a mafarki, ya bi, ba wanda ya kai shi gidan mahaukata.

Amma don Allah kada asalin zane ya kwana a ofishin kowa. Ƙaramin hoto za ka tura, sunanka a tsakiyarsa. Yarjejeniya kuwa a rubuce: nawa ne, bugu nawa, sunanka a bango. In sun ce "mu ai 'yan'uwa ne", ɗauki jakarka.

In da kanka za ka buga a Shomolu, unguwar masu buga littattafai a Legas, mayar da launin zuwa CMYK, tsarin launin injin bugawa, ka tsaya a kansu sai ka ga gwajin shafi ɗaya, in ba haka ba shuɗin samanka zai fito kamar an wanke shi da omo. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, kuma daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa. Takarda ta yi tsada yanzu, kai, komai ma ya yi.

Turo mini akuyar ta inbos in nuna wa yarana, su ba sa munafunci.