Sabobin imel biyu, katuna huɗu, amma na nesa ba sa samun shiga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da sabobin imel guda biyu masu Exchange 2010 a kan Windows Server 2008 R2, kowace da katin sadarwa biyu. Na haɗa su da NLB, wato hanyar Windows ta raba nauyi tsakanin sabobi, a tsarin Unicast don su raba aiki, na ba su adireshin IP ɗaya na tarayya. Kwamfutocin da ke sashe ɗaya da sabobin suna shiga lafiya lau, amma na wani sashe, ko na intanet, shiru kake ji. A ina na kauce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka taɓa komai, buɗe saitin katunan nan ka duba wanne ka rubuta wa adireshin ƙofar fita, wato na rauta. Ina kyautata zaton yana kan katin gudanarwa, na NLB kuwa ka bar gurbin fayau. In haka ne, to saƙon mutanen nesa yana isowa sabarka sarai. Amsar ce take rasa hanyar komawa.

Ga yadda abin yake. A zamanin Windows Server 2003, saƙo zai iya shigowa ta kati ɗaya, amsarsa ta fice ta ɗayan, ba mai tambaya. Daga Windows Server 2008 aka tsaurara: amsar da ke ɗauke da adireshin wani kati, ta wannan katin kaɗai za ta fita. Kwamfutar da ke sashe ɗaya da sabar ba ta bukatar rauta, shi ya sa take samun amsa. Ta nesa kuwa dole sai an bi ta rauta, katin NLB bai san hanya ba, katin da ya sani kuma an hana shi ɗaukar kayan da ba nasa ba. Yawancin masu faɗawa wannan rami tsohon jagora suka bi, wanda aka rubuta don 2003.

Gyaran iri biyu ne. Ko ka mayar da adireshin ƙofar fita kan katin NLB, ka rubuta wa katin gudanarwa hanyoyinsa na cikin gida da hannu, ko ka bar shi inda yake ka ba da wannan umarni a kowace saba:

netsh interface ipv4 set interface "NLB" forwarding=enabled

Kalmar da ke cikin alamar zance sunan katin ce, sai ka sa wanda ka raɗa wa naka. Ni na fi son hanyar farko, domin wanda zai gaje ka yana buɗe saiti zai ga abin da aka yi, umarnin nan kuwa ɓoye yake, sai wanda ya san da shi. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne sa ƙofar fita a katunan biyu. Zai yi aiki yau, gobe ya ƙi, ka rasa dalili.

Kada kuma ka ce bari ka huta ka koma kati ɗaya. A Unicast, NLB yana cire adireshin MAC na asali na katin, wato lambar shaidar da aka ƙera shi da ita, ya maye shi da na tarayya mai farawa da 02-BF, iri ɗaya a sabobin duka. Shi ya sa ake ware kati na biyu don sabobin su riƙa magana da junansu da sauran na'urorin gida. Sannan siwic ba ya taɓa sanin bakin da wannan adireshi yake, don haka duk abin da aka aiko sai ya watsa shi ga kowane baki. Ka keɓe katunan NLB a VLAN nasu, wato sashen siwic da aka ware musu su kaɗai, in ba haka ba har na'urar buga takardu sai ta sha zirga-zirgar imel ɗinku. Ɗaya tsarin na NLB, wato Multicast, yana barin kati da adireshinsa, amma rautoci da yawa ba sa karɓarsa sai an rubuta musu ARP, wato haɗin adireshin IP da na MAC, da hannu.

Ƙananan abubuwa biyu: a katin NLB, cire alamar da ke sa shi yin rajistar kansa a DNS, kuma idan sabobin a cikin Hyper-V suke, wato manhajar da ke gudanar da sabobi da yawa a na'ura ɗaya, kunna MAC address spoofing.

Batun Affinity, wato saitin da ke manna mai shigowa ga saba ɗaya, zaɓin Single ya dace da masu shiga ta burauza a tashar 443, amma da adireshin mai shigowa yake rabon. Idan mutum ɗari suna fitowa ta bayan NAT, wato rautarsu tana fitar da su duka da adireshi guda, saba ɗaya za ta kwashe su duka, ɗayar tana zaune tana hamma.

Sai wanda ya fi damuna. Sabobin suna aika wa juna bugun shaida kowace daƙiƙa, idan aka rasa biyar a jere sai a fitar da wadda ta yi shiru. Iyakar abin da NLB ya sani ke nan, ko na'ura na numfashi. Exchange zai iya mutuwa murus a saba ɗaya, katinta na ci gaba da bugu, ana ta tura mata kasonta na mutane suna cin karo da bango. Kuma NLB ba ya zama a saba ɗaya da Failover Clustering, tsarin da wata saba ke karɓar aikin wadda ta faɗi, don haka in kana da niyyar sa waɗannan sabobin cikin DAG, wato rukunin sabobin Exchange masu ajiye kwafin imel na juna, wanda da wannan tsarin yake aiki, sai ka nemi na'urar raba nauyi ta daban. Kafin nan, duk ranar da za ka yi wa ɗaya gyara, fara yi mata Drainstop, wato a daina tura mata sababbin masu shigowa, ka jira masu ciki su gama, sannan ka kashe ta.