Hausar Zongo da Hausar tsofaffin takardu

Malam, ka tambaye ni wai mu 'yan Kumasi da Hausarmu ta cakuɗe da Tonanci, yaren Tonawa wato Ashanti, da Turanci, idan aka ɗora mana tsohuwar waƙar ajami a gaba muna gane ta kuwa? Na san da ɗan tsokana a ciki, dama ku Kanawa kun saba yi mana dariya, amma bari in baka amsa tsakani da Allah. Ni a unguwar Aboabo ta nan Kumasi aka haife ni, babana ma nan, kakana ne ya zo da fataucin goro ya zauna bai koma ba.

Da farko dai ka sani wani sashe na waɗannan takardun da kake kira na gargajiya a ƙasar nan ta Gana aka rubuta su. Alhaji Umaru, wanda muke ce wa Imam Umaru na Karaci, a Kano aka haife shi a 1858, amma garin Salaga na ƙasar Gwanja ya zo ya zauna, da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa garin sai ya koma Kete Karaci ya zama limami har ya rasu a 1934. Waƙarsa ta talauci da wadata da wadda ya yi kan zuwan Nasara duk da Hausa ya yi su, kuma kofen rubuce-rubucensa na nan ajiye a jami'ar Gana da ke Legon. Kaga kenan ba aro muka zo yi wajenku ba, naku ne namu ne.

Ɗauki kalmar zango kanta. Ku yanzu in ba zangon karatu ba, ba kasafai nake jin ta a bakinku ba. A tsofaffin rubutu zango wurin da ayari ke sauke kaya ne a kwana, gari ya waye a ɗaura wa jakuna a wuce, shi ya sa masu waƙar wa'azi ke son kwatanta duniya da shi, su ce ka yi guzuri don gaba ake tafiya. To mu a cikin kalmar muke kwana muke tashi, unguwarmu sunanta kenan, Tonawa suka maida ita Zongo har ta shiga takardun gwamnati, har sarauta muke da ita ta Sarkin Zongo. Abin dariyar shine wurin da aka ce na kwana ɗaya ne mu mun shekara fiye da ɗari a ciki, mun yi gidajen bulo mun binne kakanni. Duk sanda na ji malami na rera baitin da ke cewa duniya zango ce sai in ga tsofaffinmu na gyaɗa kai, su ba misali suke ji ba, labarin iyayensu ake basu.

Haka maigida. In ka karanta labaran fatauci na da ka ga an ce wane ya sauka wajen maigidansa a Salaga, kar ka ɗauka uban gida ne mai bashi albashi, ba kuma mijin wata ake nufi ba. Maigida shine mai masauki, shi zai baka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya maka in an ɗauki kayanka bashi, sannan ya ci la'adarsa. Har yau a harkar goro da ta shanu a nan haka ake kiransa kuma aikin kenan. Madugu da jagaba kam sun tafi da ayari, sai a kirari, amma ƙwarya tana nan, ka ce ƙwaryar goro kowa ya san ɗari kake nufi, ba wanda zai ɗauko maka ƙwaryar fura.

Wadda ta fi ci min rai ita ce magajiya. Wani zuwa da na yi Kano biki, ana hira na ce ai gwaggona ce magajiyar unguwarmu, sai na ga wuri yayi tsit, wani yaro ya sunkuyar da kai yana danne dariya, sai daga baya aka ja ni gefe aka faɗa min abin da kalmar ke kawowa a ran mutane a can, wai shugabar mata masu zaman kansu. Wallahi ranar kunya da haushi suka haɗu min. A wajenmu magajiya babbar mace ce mai daraja, ita ke tara mata in an yi suna ko biki ko rasuwa, ita ke riƙe kuɗin adashi, ita ke sasanta kishiyoyi, 'yan siyasar Gana ma kowace jam'iyya sai ta nemi magajiyoyinta a zongo kafin zaɓe. To ka koma tarihin Daura ka gani, sarakuna matan da suka yi mulki kafin zuwan Bayajida ai magajiya ake ce musu, Daurama ma magajiya ce, kuma sarautar na nan a fadoji. Yanzu tsakanin mu da ku wa ya riƙe ma'anar littafi? Ban ce komai ba.

Ga kuma Nasara, da tsofaffinmu har gobe shi suke ce wa Bature kamar yadda Imam Umaru ya rubuta. Makaranta kuma in mun faɗa ta allo da ta Islamiyya muke nufi, ta boko sukuu ce. Kuɗi ma in ka gani a tsohuwar takarda an ce zambar goma, wuri dubu goma ne ba takarda ba, kuma sunan sidi, kuɗin Gana da muke kashewa tun 1965 daga kalmar Tonawa ta wuri aka samo shi, kaga mu da wuri ba a rabu ba.

Amma kar in cika baki, akwai inda muke faɗuwa warwas. Hausarmu ta zubar da bambancin namiji da mace, yaro zai ce maka mamana ya tafi kasuwa ko a jikinsa. To tsofaffin mawaƙa duniya mace suka ɗauke ta, ta yi maka kwalliya, ta yaudare ka, ta aure ka ta sake ka ta auri wani, duk daɗin baitin a kan wannan "ta" ɗin yake. Yaron da ya taso yana cewa duniya ya lalace in ka karanta masa zai gane kalmomin ɗaya bayan ɗaya amma zolayar ta wuce shi. Ƙ da k, ɗ da d ma da yawa cikinmu ba sa rabewa.

Ni kaina na sha kunya a kan ajami. Kakana ya bar gafaka ɗaya cike da warƙoƙi, takardun sun yi ja, gefensu duk gara ta taɓa, ba a ɗinke suke ba sai dai kalmar farkon shafi na gaba da ake rubutawa a ƙasan kowane shafi don kar su rikice. Na kai wa wani tsohon malami a Asawase muna dubawa bayan la'asar, na zo wani layi na karanta da ƙarfi cewa an aiko wa kakana guru daga Gwanja, har na fara tunanin ashe tsohon ɗan tauri ne ba mu sani ba. Malam ya karɓi takardar ya matso da ita kusa da ido, ya yi dariya har da tari, yace ɗana goro ne, a ajami wawu ɗaya ke ɗaukar o da u, mai karatu ne zai san wanda ake nufi, kuma wa ya taɓa zuwa Gwanja sayen guru? Wasiƙar ciniki ce ashe, ƙwarya arba'in, da sunan maigidan da ya tsaya a kan bashin.

In Allah ya kawo ka Kumasi ka sauka wajena, ni ne maigidanka, ba la'ada. Gafakar na nan, akwai shafi uku da har yau ni da malam mun kasa warware su, ƙila kai da Hausarka ta Kano ka fi mu ido.