Amsa: Wace kwat ce ta dace da hawan doki a sanyin Ingila?

Ɗan'uwa, barka da isa. Ka ce ka fara hawa ranar Asabar a wajen gari, kana neman kwat mai ɗumi wadda ruwa ba ya ratsa ta. Sanyin nan ba irin hunturunmu na gida ba ne, jiƙaƙƙe ne, yayyafi sai ya wuni yana sauka, don haka ruwan za ka fara tarewa kafin sanyin.

Duba takardar jikin kwat ɗin. In an rubuta 10,000mm ko fiye a ma'aunin tare ruwa, za ta riƙe ruwa. Sannan ka juya cikinta ka ga ko an liƙe ɗinkin, domin ta ramin allura ruwa yake shiga, musamman a kafaɗa.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne tsagar baya. Kwat ta farko da na saya ba ta da tsaga, ina zama kan sirdi ta tattare a ƙuguna, ruwa ya gangaro ya jiƙa min wando har gwiwa. Nemi mai tsaga da zif mai buɗewa daga ƙasa, in doguwa ce kuma mai maɗaurin cinya, don kada iska ta riƙa kaɗa ta doki ya razana. Yadi mai ƙara ma ka guje shi. A shagon ka zauna kan kujera kamar kana bisa sirdi, ka miƙa hannu kamar ka riƙe linzami, ka ji ko ta matse ka.

A ciki sa rigar ulu, ban da auduga, domin auduga tana riƙe gumi. Kuma ka zaɓi launi mai haske, a watan Disamba ƙarfe huɗu duhu ya fara.